Takunkumi a Bakin Ɗan'uwa

Na san tun ban buɗe baki ba kun riga kun taɓe naku. Mutumin Sabon Birni ya ji an ce yau za a yi maganar amfanin ECOWAS, sai ya dire kofin shayi ya ce, "Mi wagga ƙungiya tat taɓa tsinana muna?" Na Isa kuwa ba ya ma ɓata yawunsa. Kallo ɗaya zai yi maka, irin wanda ake yi wa mai tallar maganin ƙarfe da ya ƙi yarda a gwada wuƙa a jikinsa. To ku sassauta, 'yan'uwa. Ba kwangila aka ba ni ba, ban taɓa taka ofishinsu na Abuja ba, ko ruwan leda ban sha musu ba. Zan fara da ba ku gaskiyarku har ku ƙoshi. In kun gama dariya sai ku ba ni aron kunne, don akwai tsakuwa a ƙasan tuwon, kuma haƙorinku take jira.

Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun da ke gadin fadar shugaban ƙasa a Yamai suka kulle maigidansu, Mohamed Bazoum, shugabansu Janar Tchiani ya haye kujera. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, Bola Tinubu na jan gora, shi da ko wata guda bai cika da karɓar shugabancin ƙungiyar ba. Suka ce a rufe iyaka, a tsayar da ciniki, a riƙe kuɗin gwamnatin Nijar da ke bankunan yankin, sannan an ba sojoji kwana bakwai su mai da Bazoum mazauninsa ko a zo musu da ƙarfi. Wa'adi ya cika ranar 6 ga Agusta. Mu nan bakin iyaka muka kasa kunne, ba mu ji komai ba sai kukan jaki. Ranar 10 ga wata aka sake taro, aka ce an umarci dakarun ko-ta-kwana su ɗaura ɗamara. Hafsoshi suka haɗu a Akra, kwamishinan ƙungiyar ya fito ya ce har an tsayar da ranar tashi, sai dai ba za a faɗe ta ba. Bawan Allahn nan ya cika alkawari, don har yau ba a faɗa ba. Wanda ya raɗa wa rundunar suna da Hausa kuwa Allah ya ba shi hangen nesa: ta kwana, ta wuni, ta shekara, ta sake shekara.

Ku yi dariyarku, halal ce. Amma kafin ku tashi daga bencin ku gode wa Allah da ta kwanan, don da ta farka, ta kan gonakinku za ta bi.

Wa ma za a je a yaƙa? Bari in tuna muku abin da kakanninku suka sani ba tare da taswira ba. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri, dab da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya ɓata da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya tattara jama'arsa ya zo ya kafa Sabon Birni. Kun ga ke nan ficewa daga ƙungiya gadon gidanmu ne, Mali da Burkina Faso a wurinmu suka gani. Gida ɗaya ne ya yi ƙofa biyu. Sai Turawa suka zo da nasu lissafin. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka zana wani gefen da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato suka ce iyaka ce. Faransawa suka yi ta kukan cewa hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi. A 1904 aka sake zama, Faransa ta haƙura da wani tsohon haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar Newfoundland, can ƙasar Kanada ta yau, Ingila kuma ta ja layin nan ya yi kudu. Aka ƙara gyara shi a 1906, aka bi daji ana kafa alamu. Tsibiri da Maraɗi da Ƙonni suka tafi hannun Faransa, Sabon Birni da Isa da Illela suka zauna hannun Ingila. Wato, Malam, kai da kawunka na Tsibiri kun zama 'yan ƙasa biyu ne a cinikin kifin da ko ƙayarsa ba ku gani ba.

Gulbin Maraɗi bai taɓa jin wannan labari ba. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar, ya gaida Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya dawo Najeriya ta wajenmu ya zuba a Rima. Sau biyu yake tsallaka iyaka, ba wanda ya taɓa buga masa hatimi. Tsofaffinmu ma haka. Fasfonsu a fuska yake, shida a wannan kunci, bakwai a wancan, kuma bai taɓa ƙarewa an ce a je a sabunta ba. Daga Sabon Birni, Maraɗi ta fi Sakkwato kusa. Abuja da Yamai kuwa, ko tsuntsu ne sai ya haura kilomita 400 kafin ya sauka a ɗayarsu. Ita ƙungiyar da muke magana a kai, ko sunanta biyu ne a dangi ɗaya: mu mu ce Ekowas, 'ya'yan gwaggonmu na Gidan Rumji su ce Sedeyawo, kowa kuma da irin tsakin da yake rakawa da shi.

Ni dai da na ji Bayarabe ne ke ba da wa'adi, hankalina ya ɗan kwanta. Bayarabe zai kawo yaƙi ta ƙasar Gobir, gidan faɗa? Wannan ai wasan taubasai ne. Tun kaka da kakanni Bagobiri da Bayarabe ba sa haɗuwa su rabu ba su yi wa juna tsiya ba. Can Yamai kuma garin Zabarmawa ne, su ma abokan wasanmu. Allah ya sa mu a tsakiya, taubashi ta kudu, taubashi ta yamma, kowa ya ɗauko gora, kanmu ne a tsakani. Kada ku raina wannan al'ada: a 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin gadon al'adun duniya. Da shugabannin nan sun san darajarta, da wani ya kira wani ya zazzage masa zolaya na rabin sa'a, a yi dariya, a fara maganar gaskiya. Sai suka zaɓi takarda mai sakin layi da lamba.

Yaƙi bai zo ba, amma takunkumi ya zo. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san takunkumi: abin da ake ɗaura wa jaki a baki ne don kada ya ci amfanin gona. Shi mai ɗaurawa yakan fara duba cewa bakin jakin daban, nasa daban. A nan ba a duba ba. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, jihohi bakwai ke jingine da ita, daga Kebbi har Borno, kuma kasuwannin gefe biyun akushi ɗaya suke ci. Aka rufe Illela, aka rufe Jibiya, manyan motoci suka yi jerin gwano, kayan gwari suka ruɓe a rana. A Nijar shinkafa ta yi tsada, magani ya yi wuya a asibitoci. A nan mai kai hatsi da mai sayo dabba da ɗan dako da mai tuwon tasha duk suka zauna suna kallon juna. Babbar mota ta tsaya, babur bai tsaya ba. Ya bar titi ya bi ta gona, kuɗin hanya ya ninka, masu shinge suka samu damina biyu a shekara ɗaya. Janar Tchiani kuwa ban ji an ce ya kwana da yunwa ba.

Sai maganar wuta. Kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, a farkon Agusta aka yanke. Mu mutanen Isa da Sabon Birni muka ce alhamdu lillahi, tunda an hana maƙwabci, rarar za ta biyo ta gidanmu. Muka goge ƙwan fitila muka zauna. Alhaji, kai da ka sayi firji a lokacin, yaya labarinsa? Har yanzu takalma ake ajiyewa a ciki?

A nan zan sauke murya, don abin da ke tafe ba na dariya ba ne. Akwai masu tsallaka iyakar nan da ba wanda ya taɓa sa wa takunkumi. Tun 2019 'yan bindiga suka mai da gabashin Sakkwato abin da kuka sani. A watan Afrilun 2020 kaɗai, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum 23,000 suka tsere daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa Nijar, ga annobar korona, ga iyaka a rufe, amma aka karɓe su. Ƙauyukan Gidan Rumji suka buɗe musu zaure da rumbu. A watan Mayun shekarar, sanatan Sakkwato ta Gabas na lokacin, Ibrahim Gobir, ya miƙe a zauren majalisa ya faɗa wa duniya cewa in an kawo hari, sojojin Nijar mutanensa ke dogara da su. A Satumban 2021 da aka kashe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da namu biyu, na kusa da iyaka da layin Nijar suka riƙa jin lafiyar danginsu. A Disamban shekarar aka ƙone matafiya cikin mota a Gidan Bawa. Wannan ita ce ƙasar da aka ce wa mazaunanta, a Agustan 2023, maƙwabcin da ya ba su tabarma shi ne za a kai wa yaƙi. Ba mamaki da sanatocin Arewa suka ce ba da su ba, majalisar dattawa kuma ranar 5 ga Agusta ta ce a bi ta sulhu.

Da sanda ta ƙi aiki, sai aka koma neman rawani. Ku lura da wannan, don nan ne labarin ya fi daɗi. Tawagar farko ta ƙungiyar, Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, ta sauka Yamai ranar 3 ga Agusta ta juyo ba ta ga Tchiani ba, don wa'adin nan na rataye a wuyanta. Tawagar haɗin gwiwa ta ECOWAS da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya ko izinin sauka ba a ba ta ba. Ranar 9 ga wata Muhammadu Sanusi na biyu, tsohon Sarkin Kano a lokacin, ya shiga da ƙafarsa, Sarkin Damagaram na gefensa, sai ga hoto suna zaune da Janar. Bayan kwana uku malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka je aka karɓe su, aka zauna aka yi doguwar magana. Sai a ranar 19 ga wata Abdulsalami ya koma ya ga Tchiani, ya ga Bazoum. Ƙungiya mai kwamishinoni da majalisa da kotu, da ta zo ƙofar maƙwabci, sai da ta ari alkyabba da carbi kafin a amsa mata sallama. Da sun tambayi kowace tsohuwa a Gatawa yadda ake biko, da ta gaya musu ba a tura mai gora gaba.

To me aka samu? Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Disamban 2023 cewa a saki Bazoum a mai da shi mulki, shekara biyu ta cika da juyin mulki yana nan inda aka kulle shi. Tchiani ya ce riƙon ƙwarya ba zai wuce shekara uku ba, a Maris 2025 aka rantsar da shi na shekara biyar. Mali da Burkina Faso da Nijar suka ƙulla ƙawancensu na AES ranar 16 ga Satumba 2023, suka ba da sanarwar ficewa ranar 28 ga Janairu 2024. Janar Yakubu Gowon, wanda da shi aka kafa ƙungiyar a Legas a 1975, ya rubuta wasiƙa yana roƙon a janye takunkumi, ranar 24 ga Fabrairu aka janye, aka ce don jin ƙai. A Maris aka buɗe iyaka. Ranar 29 ga Janairu 2025 ƙasashe 15 suka koma 12. An tafi neman kiɗa an dawo ba ganga.

Na ga kun gyara hula, kuna cewa ai ga shi da bakinsa ya faɗa. Madalla. Yanzu sai ku tauna a hankali, an zo wurin tsakuwar.

Kai ƙanena mai hoton Kyaftin Traoré na Burkina Faso a fuskar waya, kai da ke cewa sojojin Sahel sun ƙwato mana 'yanci, zo nan. A Oktoban 2024 gwamnatin Yamai ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina sai Mali da Burkina Faso. Bamako, da sai ka yi kwanaki a mota kafin ka gan ta, ta zama 'yar ɗaki, Sabon Birni da ake jin kiran sallarta daga gonakin iyaka ta zama bare. A Mayun 2025, ana shirin babbar salla, aka hana fitar da dabbobi. Ragon layyar da ka taya a shekarar ka ja da baya kana salati, ka tambaye shi wa ya sa masa wannan kuɗi? A Maris 2025 ƙawancen ya ɗora harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 kan kayan da ke shigowa daga waje, har da na ƙasashen ECOWAS. Wato takunkumin da ka zagi Abuja a kansa, Yamai ma ta iya saƙa shi, da kabar gida ma kuwa. Da Abuja ta ɗaura ka ce zalunci, da Yamai ta ɗaura ka ce kishin ƙasa. Wanzami ba ya son jarfa.

Tsaron fa? Ɗan bindiga Bello Turji bai nemi takardar ficewa daga kowace ƙungiya ba. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, ya rasu a hannun masu garkuwa a watan Agusta, Allah ya jiƙansa. A Nuwamban shekarar hedikwatar tsaron Najeriya da kanta ta ce 'yan bindigar Lakurawa sun samu ƙofa ne saboda sintirin haɗin gwiwa da Nijar ya yi rauni bayan juyin mulki. A Maris 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. Duk lokacin da sojan nan da sojan can suka daina ɗaga wa juna waya, akwai wanda ke murna, kuma a dajin da ke bayan garinku yake kwana. Shi ya fi kowa cin moriyar zirga-zirga ba shinge, shi da ba ya cikin kowace yarjejeniya.

Abin da ya fi ba ni dariya da takaici a haɗe shi ne rikicin Disamban 2024. Janar Tchiani ya zauna gaban talabijin ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, da Hausa tsantsa. Malam Nuhu Ribadu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya mayar masa da martani, shi ma da Hausa. Ƙasa biyu na cacar baki, ba a ɗauki tafinta ko ɗaya ba. A duniya ina aka taɓa irin wannan harkar waje? Wannan ai faɗan tsakar gida ne da aka sa wa lasifika. Bayan 'yan watanni ma Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Mu da muke nan muna jiran ranar da za a karanta kasafin kuɗin Abuja da Hausa, sai muka yi shiru muka sha kunu.

Hajiya, na ji ki. Kin ce to in wannan bai yi ba wancan bai yi ba, me ya rage da nake ta jan ku da surutu? Abin da ya rage ba shi da kaki, ba shi da jiniya, shi ya sa ba ku ganinsa. Wata takarda ce da aka sa wa hannu a Dakar a 1979, wadda ta ce ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga ɗaya ya zauna kwana 90 ba biza. Za ki ce ai kakarki ta je Tsibiri biki ba ta san Dakar ba. Gaskiya ne. Tsibiri ba ta buƙatar takarda. Amma ɗanki da ke sayar da agogo a Abidjan fa? Ƙanen mijinki mai kai albasa Kumasi? Mai yankan farce a Lome da ke aiko kuɗin taki duk damina? Tsagen Gobir ba ya aiki a gaban ɗan sandan da bai san Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ba. Ki tambayi tsofaffin da suka ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa suka dawo da buhu a ka. Ba na ce takardar ta hana komai ba, don mu ma mun kori baƙi a 1983 tana nan da ranta, Buhari kuma ya rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020 ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Amma da ita talaka ke da abin nunawa in an tare shi. Ba ita, sai abin da mai shinge ya ga dama.

Ga hujjata, kuma ita kaɗai ta ishe ni. Da aka zo rabuwa, an yi zage-zage, an kira juna 'yan amshin shatan Faransa da 'yan amshin shatan Rasha, amma ba wanda ya yarda ya taɓa takardar nan. A Disamban 2024 ƙasashen AES suka ce 'yan ECOWAS su ci gaba da shigowa ba biza. Ranar da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta ce fasfo da katin shaidar ƙasashe ukun masu tambarinta suna nan da ƙarfinsu, mutane da kaya su ci gaba da wucewa har sai an sake magana. Miji da mata sun rabu baram-baram, an kwashe kayan ɗaki, an tsinke igiya, amma kowa ya ce yara su ci gaba da zuwa gidan kowa. Abin da maƙiya biyu suka haɗu a kan kada a fasa, ku kuna ce mini ba shi da amfani?

Ƙungiyar nan, in kun lura, duk inda ta yi abin kirki a yankinmu kwaikwayon ku ta yi. Ta ga Bagobiri na tsallaka gulbi ya je kasuwa, ta rubuta a takarda ta ce doka ce. Inda ta kwaikwayi manyan ƙasashe masu jiragen yaƙi kuwa, sai ta yi tuntuɓe da zanenta. Na san za ku kawo Gambiya ta 2017, inda aka tura soja Yahya Jammeh ya tattara ya tafi, ko Saliyo ta 1998 da rundunar ƙungiyar, ECOMOG, ta mai da Tejan Kabbah mulki. An yi, ban musa ba. Amma Gambiya 'yar ƙaramar ƙasa ce da Senegal ta kewaye, ga zaɓaɓɓen shugaba na jira a bakin ƙofa. Nijar ta fi Najeriya faɗin ƙasa, kuma rabin danginka ne a ciki. Maganin da ya warkar da ciwon yatsa ba a ɗura wa mai ciwon ciki.

Kada kuma ku ɗauka mu kaɗai ne. Tarayyar Turai, mai kuɗin da ECOWAS ba ta taɓa mafarkinsu ba, ta zauna a Nijar tun 2012 tana horar da jami'an tsaro, ta matsa aka yi dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 da ta durƙusar da direbobin Agadas. A ƙarshen 2023 sojoji suka soke dokar, suka sallami masu horarwar. Amma Turawan nan sun iya abu ɗaya da mu muka kasa. Da Ingila ta fice daga tarayyarsu a 2020, shekaru suka kwashe suna ja-in-ja a kan yadda za a yi kada a kafa shinge a tsibirin Ayalan, saboda sun san mutanen gefe biyun gida ɗaya ne. Mu a zama ɗaya na yini guda aka rufe kilomita 1,500, aka tashi aka ci abinci.

Ƙofa dai ba ta rufe ruf ba. Muritaniya ta fice a 2000, a 2017 ta dawo ta sa hannu a yarjejeniyar hulɗa. Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, ya je Yamai a Agustan 2024. Ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ya bi sahu a Afrilun 2025. A Mayu shugaban hukumar ECOWAS ya zauna da ministocin AES a Bamako. Ana aikin layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, ko da yake mu ta gefenmu sai dai mu ji labarin ƙararsa. Kun ce duk shan shayi ne a otal. Wataƙila. Ku ma ai shayin kuke sha tun ɗazu, ban ga kun kama ɓarawon shanu ko ɗaya ba.

Ni roƙona ɗaya ne, kuma ku masu taɓe baki ku za ku sa mini hannu a takardar. Taro na gaba tsakanin Ekowas da 'yan AES kada a yi shi a Abuja ko Bamako ko Lome. A kawo shi Sabon Birni. Mutanen Isa su kawo tabarmi, mu mu dama fura, Bayarabe ya zo da barkononsa tunda ba ya iya cin abinci sai yana hawaye. Wakilan Abuja su taso daga Sakkwato ta Goronyo, na Yamai su biyo ta Maraɗi da Gidan Rumji. A mota za su zo, ba jirgi mai saukar ungulu, ba jiniya, ba motar soja gaba da baya. In sun iso lafiya a sauke su a wani ƙauye na bakin iyaka, a ba su ɗaki mai ƙofar kara, a ce musu sai da safe. Kafin kiran assalatu za mu ga wanda zai fara roƙon lambar wayar sojan ɗan'uwansa.